Idan Gwamnati Ta Yi Kunnen Uwar Shegu da Hukuncin Kotu: Tambayoyi da Amsoshi kan Dokokin Ƙasa da Ƙasa a Najeriya da Nijar

Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa wata kotu ta umarci gwamnati ta saki wani ko ta biya diyya, sannan aka shafe watanni shiru, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a majalisun hira da shafukan sada zumunta. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Mene ne dokokin ƙasa da ƙasa, kuma wa ya ɗora mana su?

Mafi yawansu alkawura ne da ƙasashe suka ɗaukar wa junansu a rubuce, suka sa hannu da kansu. Najeriya da Nijar sun shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, shekarar da suka samu 'yancin kai. Dukkansu sun amince da Yarjejeniyar Afirka kan 'Yancin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981. ECOWAS kuwa, wadda a Nijar ake kira CEDEAO, a Legas aka kafa ta a 1975, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka fi kowa tsayawa a kan kafa ta. Saboda haka mai cewa Turawa ne suka ƙaƙaba mana waɗannan dokoki bai faɗi gaskiyar duka ba.

Ginshiƙinsu guda ne: alkawari kaya ne. Yarjejeniyar Viyana ta 1969 ta ce dole ƙasa ta cika abin da ta sa wa hannu da zuciya ɗaya, kuma ba ta da damar fakewa da dokokinta na cikin gida don ta saɓa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta fara, kuma duk ɗalibin tarihin Musulunci ya san yadda aka tsaya a kan sharuɗɗan sulhun Hudaibiyya duk da ɗacinsu ga sahabbai.

Da zarar shugaban ƙasa ya sa hannu, yarjejeniya ta zama doka a Najeriya ke nan?

A'a. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Nan ne gwamnatoci ke samun mafaka: a je taro a ƙasar waje a sa hannu, a ɗauki hoto, a dawo gida a jefa takardar cikin durowa. Najeriya ta amince da dokar Rome da ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya tun 2001, amma har yanzu ba ta zama dokar cikin gida ba.

Yarjejeniyar Afirka kan 'yancin ɗan adam ta sha bamban. An mayar da ita dokar ƙasa tun 1983, kuma a shari'ar da marigayi lauya Gani Fawehinmi ya yi da gwamnatin Abacha, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2000 cewa kotunan Najeriya na iya aiki da ita kai tsaye. Duk wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba zai iya dogara da ita a babbar kotun jiharsa.

Kotunan nan suna rikita mutane. Wacce ce wacce?

Akwai biyu a birnin Hague na ƙasar Holand. Kotun Duniya tana raba gardama ne tsakanin ƙasa da ƙasa, mutum ɗaya ba ya kai ƙara can. Ta biyu, kotun hukunta manyan laifuka wadda ake kira ICC, tana tuhumar ɗaiɗaikun mutane kan kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama. A Disambar 2020 babbar mai gabatar da ƙararta ta lokacin, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin gaskata cewa Boko Haram da kuma jami'an tsaron Najeriya sun aikata irin waɗannan laifuka.

Ta uku ita ce Kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya. Ɗan Najeriya ba zai iya shiga da kansa ba, domin gwamnati ba ta taɓa ajiye takardar da ke ba 'yan ƙasa wannan dama ba. Ta huɗu, wadda ta fi kusa da mu, ita ce Kotun ECOWAS a Abuja. Tun 2005 aka buɗe ƙofarta ga kowane mutum da aka tauye wa haƙƙi. Yadda ake shigar da ƙara yana cikin amsar da ke kusa da ƙarshe.

Shin da gaske gwamnatin Najeriya tana ƙin bin hukunci, ko surutun 'yan adawa ne?

Ranaku da shekaru sun isa amsa. An kama Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a Disambar 2015 bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Kotunan Abuja daban-daban sun ba da belinsa, ya cika sharuɗɗa, jami'an DSS suka sake ɗauke shi. A Oktoban 2016 Kotun ECOWAS ta ce tsarewar ta saɓa doka, a sake shi, a biya shi naira miliyan 15. Bai fito ba sai 24 ga Disamba 2019, fiye da shekara uku bayan hukuncin.

Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa: Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarni a Disambar 2016 a sake su cikin kwana 45, a biya kowannensu naira miliyan 25. Ba a yi ba. Sun ci gaba da zama a tsare har Yulin 2021, lokacin da babbar kotun Kaduna ta sallame su. A ranar 6 ga Disamba 2019 kuwa, a cikin harabar kotu a Abuja aka yi kokawar sake kama ɗan gwagwarmaya Omoyele Sowore kwana ɗaya bayan an sake shi.

Abin lura shi ne hannun da ya ture hukuncin Kotun ECOWAS shi ne ya ture na kotun gida. Ba cuta biyu ba ce. Mai mulkin da ya saba cewa alƙalan waje ba su isa ba, ba ya daɗewa yake gano cewa na gida ma ba su da bindiga. Sashe na 287 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa dukkan hukumomi da mutane aiwatar da hukuncin kotu, bai ware fadar shugaban ƙasa ba.

Amma idan ana maganar tsaron ƙasa, ba gara a riƙe mutum ba ko da kotu ta ce a sake shi?

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma ba ɓoye ta aka yi ba. A taron ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa a Agustan 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a fili cewa bin doka da oda yana ƙarƙashin tsaron ƙasa da muradunta. Mutane da yawa a Arewa sun yarda da hakan, saboda sun ga abin da Boko Haram ta yi, kuma suna jin zafin duk wanda ake zargi da cinye kuɗin makamai yayin da sojoji ke mutuwa. Wannan fushin na gaskiya ne, ban raina shi ba.

Matsalar ita ce wa zai yanke cewa wane barazana ne. Idan gwamnati ce ke zargi, ita ke tsarewa, ita kuma ke zaɓen hukuncin da za ta bi, to kotu ta zama ado. Doka ba ta hana riƙe mutum mai haɗari ba. Ta ce a kawo hujja gaban alƙali, a nemi hana beli, in an sha kaye a ɗaukaka ƙara. Ƙin bin wannan hanya bai ma taimaki yaƙi da cin hanci ba: shekarun da aka ɓata ana jayayya kan tsare Dasuki, su ne shekarun da ya kamata a ce an gama sauraron shaidu an gaya wa 'yan ƙasa inda kuɗin suka shiga.

Ni talaka ne. Rigimar manya da kotuna me ta shafe ni?

Manya suna da lauyoyi da 'yan jarida, shi ya sa ake jin sunayensu. Waɗanda abin ya fi ci ba a san su ba. A watan Satumban 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kangon gini a unguwar Apo ta Abuja, suka kashe mutum takwas, suka jikkata goma sha ɗaya. Galibinsu 'yan ci-rani ne daga Arewa, masu tuƙa Keke Napep da ƙananan sana'o'i, aka ce 'yan Boko Haram ne. Hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta ƙasa ta bincika ta ce ba haka ba ne, ta umarci a biya naira miliyan 135 a 2014. Sai a 2018 aka biya. Shekara huɗu marayu da zawarawa suna jira.

A Zariya kuma, kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna da kanta ta kafa ya tabbatar da binne gawa 347 a rami ɗaya bayan arangamar sojoji da mabiya Sheikh Zakzaky a Disambar 2015, ya ba da shawarar a hukunta masu hannu. Ba a ji an gurfanar da soja ko ɗaya ba. Mutum na iya saɓa wa aƙidar waɗanda aka kashe gaba ɗaya, amma ya tambayi kansa: darasin da mai riƙe da bindiga ya ɗauka daga wannan shiru, a kan wa zai yi aiki da shi gobe? A Disambar 2023 jirgin soja marar matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a taron Mauludi a Tudun Biri. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yaya lamarin yake a Nijar?

Nijar ce ta ba da ɗaya daga cikin misalai mafi kyau a tarihin Kotun ECOWAS. Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita a matsayin wahaya, wato baiwa da ake mayarwa ƙwarƙwara, tana da shekara 12 a yankin Ƙonni, ta kai ƙarar ƙasarta da taimakon ƙungiyar yaƙi da bauta ta Timidria. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotu ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, a biya ta sefa miliyan 10. Gwamnati ta karɓi hukuncin ta biya.

Shekara guda bayan haka sai aka shiga tazarce. Shugaba Mamadou Tandja ya rusa majalisar dokoki, ya rusa kotun tsarin mulki da ta ce shirinsa ya saɓa doka, ya gudanar da ƙuri'ar raba gardama a Agustan 2009. Sojoji suka kifar da shi a ranar 18 ga Fabrairu 2010, suka tsare shi. Iyalansa suka garzaya Kotun ECOWAS, ta ce a sake shi, sojojin suka ƙi, aka ma mayar da shi gidan yarin Kollo. Sai a Mayun 2011 ya fito. Mutumin da ya karya kotu yana kan mulki ya wayi gari ba shi da abin dogaro sai kotu.

Haka ta sake faruwa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A ranar 15 ga Disamba na shekarar, Kotun ECOWAS ta umarci a saki hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum da iyalinsa. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ba ta sake shi ba. A Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata a 29 ga Janairu 2025. Ko mutum yana goyon bayan sojoji ko ba ya yi, ga abin da ya rage: yarinya irin Hadijatou a Tawa ko Maraɗi yau ba ta da waccan ƙofar ta Abuja.

Manyan ƙasashe ma ba sa bin waɗannan dokoki. Don me za a matsa mana?

Ɓangaren farko na tambayar gaskiya ne. A 1986 Kotun Duniya ta samu Amurka da laifin tallafa wa 'yan tawaye da dasa nakiyoyi a tashoshin ruwan Nikaragua, Amurka ta yi watsi da hukuncin, ta hau kujerar na ƙi a Kwamitin Sulhu. A 2003 ita da Birtaniya suka mamaye Iraƙi ba da izinin kwamitin ba, har babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, ya ce yaƙin ya saɓa doka. A Maris 2022 kotun ta umarci Rasha ta dakatar da yaƙi a Yukren, ba ta daina ba. A Yulin 2024 ta bayyana cewa ci gaba da zaman Isra'ila a yankunan Falasɗinawa haramtacce ne, ba abin da ya sauya a ƙasa.

Sai dai kammalawar da ake ɗorawa a kai ba ta tsaya ba. Idan gwamnatinka ta ƙi bin hukunci kan ɗan ƙasarta da ta tsare, ba Amurka ta rama wa ba, kai ta rama wa. Sannan ƙasa mai makaman nukiliya tana iya rayuwa ba doka, amma ƙasa marar ƙarfi doka ce garkuwarta. Mu da muke jin zafin abin da ake yi wa Falasɗinawa, da wane baki za mu nemi a bi hukuncin Hague alhali muna tafa wa mai take hukuncin Abuja?

Ita kanta ECOWAS tana da adalci kuwa?

Dole a raba tsakanin kotun da taron shugabanni. Shugabannin sun daɗe suna awo da mudu biyu. Alpha Condé a Gini da Alassane Ouattara a Kwaddebuwa sun yi wa'adi na uku a 2020, Faure Gnassingbé ya sauya tsarin mulkin Togo a 2024, ba a ga takunkumi ba. Da sojoji suka karɓi mulki a Yamai kuwa, nan take aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, aka yi barazanar yaƙi. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari ne, da marasa lafiya a asibitocin Nijar, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin. Wannan ya zubar da ƙimar ƙungiyar a idon jama'a, kuma da dalili.

Kotun dai ta sha yanke hukunci a kan gwamnatoci masu ci, har da mai masaukinta. A Yulin 2022 ta ce rufe Twitter da Najeriya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa doka. A Yulin 2024 ta ce an tauye haƙƙin masu zanga-zangar EndSARS ta 2020 a Lekki, Legas.

An taɓa samun lokacin da Najeriya ta bi hukunci mai ɗaci?

Bakasi. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a ranar 10 ga Oktoba 2002. Obasanjo ya sa hannu kan yarjejeniyar miƙawa a 2006, 'Yar'aduwa ya kammala a Agustan 2008, duk da adawar Majalisar Dattawa da kukan mazauna wurin, waɗanda da yawansu ba a tsugunar da su yadda ya kamata ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne gwamnati tana iya bi in ta so. Ta bi da mai ƙara ƙasa ce mai sojoji da ƙawaye. Idan mai ƙarar ɗan ƙasa ne da ba shi da kowa, sai a tuna da 'yancin kai.

Me ya sa kotu ba za ta tilasta a bi hukuncinta ba?

Kotu ba ta da 'yan sanda nata. Yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a 1993 ta ce hukuncin kotun wajibi ne a kan ƙasashe, amma aiwatarwa tana hannun hukumar da kowace ƙasa ta naɗa. A Najeriya ofishin Antoni Janar ne, wato lauyan gwamnatin da aka kayar. An ba kura ajiyar nama.

A kotunan gida ma akwai irin wannan tarko. Sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati don biyan wanda ya ci shari'a, sai Antoni Janar ya amince. Shi kuwa minista ne da shugaban ƙasa ya naɗa kuma zai iya sauke shi. Shi ya sa lauyoyi suka daɗe suna kira a raba ofishin Antoni Janar da na ministan shari'a. Wasu gwamnatocin ma kotun suke kashewa: bayan kotun ƙasashen kudancin Afirka ta yanke hukunci a kan Zimbabuwe a 2008, shugabanni suka haɗu suka dakatar da ita.

Ina Majalisar Tarayya a duk wannan?

Nan ne ainihin ciwon dimokuraɗiyya yake. Sashe na 88 da 89 sun ba majalisa ikon kiran kowane jami'i ta bincike shi, kasafin kuɗi a hannunta yake, sashe na 143 ya ba ta ikon tsige shugaban ƙasa kan babban saɓa wa tsarin mulki. Tana da haƙora, cizo ne ba ta yi. A Maris 2025, da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Ribas ya dakatar da zaɓaɓɓen gwamna da majalisar jiha na wata shida, tsarin mulki ya buƙaci amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa. Da ƙuri'ar murya aka wuce da abin, ba a ƙirga kowa ba. Ɗan mazaɓa ba zai taɓa sanin matsayar wakilinsa ba, balle ya tuhume shi ranar zaɓe.

Amma an ga ranar da majalisa ta tsaya. A Agustan 2023, bayan malamai da sarakuna da sanatocin Arewa sun ɗaga murya, Majalisar Dattawa ba ta amince da tura sojoji Nijar ba, ta ce a bi hanyar sulhu.

Yaya mutum zai kai ƙara Kotun ECOWAS?

Gwamnatin ƙasa ake ƙara, ba mutum ko kamfani ba. Ko jami'an jiha ne suka yi laifin, Gwamnatin Tarayya ce ke amsawa. Dole mai ƙara ya bayyana sunansa, kuma kada maganar ta kasance a gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Ba sharaɗi ba ne sai an gama da kotunan gida, wannan shi ne babban sauƙinta. Ana shari'a da Turanci, Faransanci ko harshen Fotugal, kuma ba a ɗaukaka ƙara bayan hukunci.

Hujja ita ce komai: takardar asibiti, hotuna, ranaku, sunayen shaidu, kwafin duk umarnin kotu da aka ƙi bi. A fara tattara su tun ranar farko, kafin shaidu su watse. Akwai lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi da ke ɗaukar irin waɗannan ƙararraki kyauta.

Idan an san ba lallai a bi hukuncin ba, me amfanin wahala?

Hukunci yana kafa tarihi a rubuce, kuma gwamnatoci suna sauyawa. Tsohon shugaban Gambiya Yahya Jammeh ya yi watsi da hukuncin Kotun ECOWAS kan 'yan jaridar Gambiya da aka kashe ko aka ɓatar, amma bayan faɗuwarsa a 2017 gwamnatin da ta gaje shi ta fara biyan iyalansu. Iyalan Apo ma, kamar yadda aka ambata a sama, takardar hukunci ce suka riƙe har aka biya su.

Abin da ke sa a bi hukunci da wuri kuwa shi ne idon jama'a. A ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da yara ƙanana, galibinsu daga Kano da Kaduna, a Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta. Sun shafe kusan wata uku a tsare, duk da Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara tun 1991 kuma tana da dokarta ta 2003. Wasu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Bidiyon ya zagaye wayoyi, iyaye da lauyoyi da malamai suka yi caa, cikin kwana uku shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, aka janye tuhumar, aka miƙa su ga gwamnonin jihohinsu.